Filin Tambaya da Amsa: Sabuwar Kyamara, Tsohon Gilashi

Tun da kyamarori masu megafiksel 45 da 61 suka fara yawa a hannun masu sana'a, musamman na hannu da ake shigowa da su daga waje, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kusan magana ɗaya: an zuba kuɗi an sayi gangar kyamara, amma hoto bai fito yadda aka sa rai ba. Na zaɓi kaɗan daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba. Inda na ce gilashi ina nufin abin da 'yan situdiyo ke kira lens, sensa kuwa ita ce 'yar farantin nan ta cikin kyamara da ta gaji fim. Fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, miliyan ɗaya daga cikinsu shi ne megafiksel ɗaya. Lamba irin f/4 ko f/8 tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga gilashi, idan lambar ta ƙaru ƙofar ta tsuke ke nan, irin 24-105 kuwa tsawon zum ne a milimita.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne, shekara tara ina aiki da Canon 5D Mark III da gilashin 24-105 f/4L na farko. Bayan Sallar layya na sayar da ita, na cika da abin da na tara na sayi EOS R5 ta hannu, na ɗaura tsohon gilashina da adafta. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne, idan na buɗe hoto a kwamfuta na kai shi ɗari bisa ɗari, gashin ido da zaren aikin wuyan riga ba sa fitowa tar kamar yadda na saba gani. Wani abokin sana'a ya ce gilashina ne ba zai iya ɗaukar megafiksel 45 ba, dole in sayi sabo. Gaskiya ne? Daga mai hoto a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin naka ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma ya bar ɓangaren da zai hana ka kashe kuɗi a banza. Mu fara da yadda kake duba hoton. Sensar 5D Mark III da ta R5 girmansu ɗaya, milimita 36 a faɗi da 24 a tsaye. Ta farko ta jera fiksel 5760 a wannan faɗi, ta biyu ta jera 8192, don haka kowane fiksel ya ragu daga maikiron 6.25 zuwa kimanin 4.4, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Idan ka kai hoto ɗari bisa ɗari, kowane fiksel na sensa yana cin fiksel ɗaya na allon kwamfuta, saboda haka hoton R5 yana buɗewa da ƙarin kashi 42 cikin ɗari a kan na tsohuwar kyamararka. Idonka ka matso da shi kusa da yadin, yadin kuwa yana nan yadda ka san shi. Laushin da kake gani yau yana cikin gilashin tun ranar da ka saye shi, tsohuwar sensa ce ta daɗe tana rufa masa asiri. Idan kana son ka tabbatar, ka ɗauko hoto ɗaya daga kowace kyamara, ka wanke su a girma ɗaya ka ajiye su kusa da juna. Matuƙar saiti ya zauna daidai kuma hannu bai girgiza ba, na R5 ba zai kasa na da ba, sau da yawa ma zai ɗara shi.

Dalilin haka shi ne, gilashi ba shi da wani adadin megafiksel da za a ce ya cika ya tsaya. Abin da yake da shi shi ne ƙarfin riƙe bambanci tsakanin fari da baƙi a yayin da layuka ke ƙara sirancewa. Masu gwaji sukan kafa allo mai layuka farare da baƙaƙe a jere. Idan layukan masu kauri ne, gilashi yana kai su ga sensa kusan yadda suke, amma da zarar sun fara matsewa sai fari ya dusashe, baƙi ya koma ruwan toka, har a kai inda za su haɗe su zama launi ɗaya. Wannan ma'auni shi ake kira MTF, kuma shi ne zanen da kamfanoni ke bugawa a ƙarƙashin bayanin kowane gilashi, inda Canon da Nikon ke nuna shi a kan tagwayen layi 10 da 30 cikin milimita guda, Zeiss kuma 10 da 20 da 40. Ita ma sensa tana zubar da nata kason, kuma abin da ke isa cikin hoto shi ne na gilashi a ninka da na sensa. Mu ɗauka, don lissafi kawai, gilashinka yana wuce da kashi 60 na bambancin wani siririn zare, tsohuwar sensa kuma tana riƙe kashi 50 na abin da ya iso mata, ka tashi da 30. Ka sauya sensa da mai riƙe kashi 70, ka tashi da 42 ba tare da ka taɓa gilashi ba. Amma da gilashi mai wuce da kashi 80 ka ɗaura mata, da 56 ka samu. Tsohon gilashi ya ƙaru da sabuwar sensa, sai dai nagartacce zai fi shi cin moriyarta, kuma iyakar gaskiyar da ke bakin abokinka ke nan.

Kamfanonin su ma sun taimaka wajen yaɗa wannan fargaba. Nikon ta fitar da jerin gilasan da take ba da shawara a kansu lokacin da D800E mai megafiksel 36.3 ta fito a 2012, Canon ta yi haka ga 5DS mai 50.6 a 2015, Fujifilm ma ta bi sahu da X-H2 da X-T5 masu 40.2 a 2022. Irin wannan jeri yana da amfani ga mai son tatse duk abin da sensa za ta iya bayarwa, amma a riƙa tunawa mai sayar da gilashi ne ya rubuta shi, kuma rashin ganin sunan naka a ciki ba ya nufin ya tashi daga aiki.

Gilashin da ke hannunka ya fito a 2005, shekara ɗaya da 5D ta farko mai megafiksel 12.8. Tsakiyarsa lafiya lau har gobe, musamman a f/5.6 da f/8. Inda tsufansa ke bayyana shi ne kusurwoyi idan kana kan 24, da kuma ƙarshen 105 idan ka buɗe shi f/4. A hoton ango da amarya, waɗanda ke tsakiyar firam, wannan ba ya cutar da kai, amma a hoton dangi na mutum arba'in da suka cika faɗi, gwaggo da kawun da aka tura gefe su za su ɗanɗana. Adafta kuwa kada ka zarge ta, domin babu gilashi a cikinta, zobe ne kawai mai kaurin milimita 24 da ke cike tazarar da ke tsakanin 44 na tsarin EF na tsohon gilashinka da 20 na tsarin RF na sabuwar kyamarar, sai fa idan irin mai arhar nan ce da ke girgiɗi a mazauninta, wadda kan karkatar da gilashi har gefe ɗaya ya fita daga saiti.

Shawarata, kafin ka ciro ko sisi, ka ari EF 50mm f/1.8 STM, wanda yana cikin mafi arha a gilasan Canon, ka tsuke shi zuwa f/4 ko f/5.6, ka kafa kyamara a kan ƙafa uku ka ɗauki abu ɗaya da shi da kuma naka. Bambancin da ka gani shi ne abin da sabon gilashi zai saya maka. Daga nan sai ka tambayi kanka inda hotunanka ke ƙarewa. Allon 4K megafiksel 8.3 yake nunawa, takardar A3 da aka buga da fiksel 300 a kowane inci 17.4 take ci, wanda aka tura ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi kafin ya isa wayar uwar amarya. Sai idan kana yawan buga A2, mai neman kusan 35, ko kana yanke fuska ɗaya daga cikin taro ka faɗaɗa ta, sannan sabon gilashi zai biya kuɗin kansa.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ɗakin karatu, an ba ni aikin ɗaukar hoton tsofaffin takardun ajami da na Larabci don a adana su a kwamfuta. Muna da Nikon D850 da gilashin zum 24-120. Da yake ina son shafi ya fito daga sama har ƙasa, nakan tsuke ƙofar haske zuwa f/22, amma ɗigo da wasulla sai su fito kamar an shafa musu ruwa. A ina nake kuskure? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, kin yi abin da hankali zai ba kowa, sai dai haske yana da wata ɗabi'a da ke saɓa wa wannan tunani. Tafiyarsa irin ta igiyar ruwa ce, idan ya ratsa ƙaramar kafa sai ya bazu a bayanta, kamar yadda ruwan rafi ke yaɗuwa idan ya fito ta bakin kwalbati. Saboda haka ɗigon haske ba ya sauka a kan sensa a matsayin ɗigo, yana sauka ne a matsayin ɗan faifai mai zobba, wanda masanin taurari na Ingila George Airy ya yi lissafinsa tun 1835. Ana samun faɗin wannan faifai idan aka ninka 2.44 da tsawon zangon hasken da kuma lambar ƙofar. A koren haske, mai zangon maikiron 0.55, faifan yana kai maikiron 7.5 a f/5.6, kusan 11 a f/8, kusan 15 a f/11, a f/22 kuwa ya doshi 30. Fiksel ɗin D850 maikiron 4.35 ne. Ke nan a inda kike aiki kowane ɗigon haske yana malalewa a kan faɗin fiksel kusan bakwai, kuma babu gilashi a duniya, komai tsadarsa, da zai kuɓuta daga wannan, domin daga girman kafar abin yake tasowa. An biya kuɗin megafiksel 45.7, amma abin da kike karɓa bai wuce wanda kyamara mai rabin wannan adadi za ta ba ki ba.

Kowane gilashi yana tsakanin matsala biyu. Idan aka wangale ƙofarsa, kurakuran da ke gefen gilasan cikinsa suna shiga hoto, idan aka tsuke ta ƙwarai kuma bazuwar haske ta karɓi aiki. Tsakanin nan ne yake ba da mafi kyawun abin da yake da shi, kuma a sensa irin taki wurin yana wajen f/5.6 zuwa f/8. Ki tsaya a nan.

Zurfin saitin da kike nema da f/22 ba ki buƙatarsa, tun da shafi shimfiɗaɗɗen abu ne, kuma yawancin littattafanmu na da warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, ana iya kwantar da kowace ita kaɗai. Abin da ke sa sama ta fito ƙasa ta ƙi shi ne kyamara ba ta fuskanci takardar sak ba. Ga wata dabara mai sauƙi. Ki ajiye ƙaramin madubi a tsakiyar inda takardar za ta kwanta, ki leƙa allon kyamara, ki yi ta gyara ta har sai kin ga bakin gilashinki a cikin madubin ya zauna daidai a tsakiyar firam. Idan ya zauna, sensa da teburi sun daidaita, sai ki ɗaure komai ki cire madubin. Shi kuma gilashin zum ba a yi shi don wannan aiki ba, yana ɗan lanƙwasa layuka a gefe, kuma idan aka kifa shi ƙasa yakan zame da kansa saboda nauyi, shafi na goma ya fito da wani girma dabam da na farko. Ki nemi a saya muku Micro-Nikkor 60mm f/2.8, wanda aka tsara don ya ɗauki shimfiɗaɗɗen abu daga kusa da kaifi ɗaya tun daga tsakiya har kusurwa. Ki kuma ɗage madubin cikin kyamara kafin ɗauka, ki sa ta jira daƙiƙa biyu bayan kin danna, domin bugun madubi kaɗai ya isa ya kaɗa wasalin da bai fi kan allura ba. Idan kin gamu da takardar da damina ta tanƙwara, D850 tana da tsarin ɗaukar hotuna da yawa tana matsar da saiti kaɗan-kaɗan, a haɗe su daga baya a kwamfuta, kuma wannan ya fi danne tsohuwar takarda da ƙarfi.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne, kyamarata Canon 90D ce da gilashin 75-300. Na ji ana cewa wannan magana ta masu manyan kyamarori ce, amma ni ma idan na kai zum ƙarshe hotona dishi-dishi yake fitowa. Daga Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, maganar ta fi shafarka a kan masu manyan kyamarorin. Gilashi bai san jimillar megafiksel ba, ƙanƙantar kowane fiksel ita ce ke gwada shi. 90D ta cusa megafiksel 32.5 a kan sensa mai faɗin milimita 22.3 kacal, fiksel ɗinta maikiron 3.2 ne, kuma da za a shimfiɗa irinsa a kan babbar sensa mai milimita 36 da an sami megafiksel kusan 85. Ka ga ta fi Sony a7R IV mai 61 matsa wa gilashi, tun da na waccan maikiron 3.76 ne. Ka ɗauki ɗaya daga cikin sensoshi mafi tsanani ka haɗa ta da gilashin da aka tsara a zamanin fim don a sayar da arha, wanda kowa ya san ƙarshensa na 300 ne mafi rauni. Ka gwada tsayawa a 200 da f/8, za ka ga sauyi nan take. Idan hali ya samu, EF-S 55-250mm IS STM ba shi da tsada sosai, ya fi naka kaifi nesa ba kusa ba, kuma yana da na'urar rage girgizar hannu. Ka dai sani an yi shi ne don ƙaramar sensa, ranar da ka koma babba ka ɗaura shi, kyamara za ta yanke gefen da haskensa bai kai ba, R5 ta koma megafiksel kusan 17.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ɗauki hawan Sallah a Ƙofar Soro da Sony a7R IV da gilashin 70-200 f/2.8, na ƙara masa zoben da ke ninka zum sau biyu. Kayana duk masu tsada ne, amma da wuya ka sami hoto ɗaya cikin goma da adon doki ya fito tangaran. Ko gilashin ne bai dace da kyamarar ba? Daga Katsina.

Amsa: Alhaji, gilashinka ya dace, kuma ina ganin shi ne mafi ƙarancin laifi a cikin lamarin. Bari mu yi lissafin doki. A ce yana sukuwa da mita 10 a daƙiƙa, yana giftawa ta gabanka daga nisan mita 60, kai kuma kana kan milimita 400. Hotonsa a kan sensa yana tafiyar kimanin milimita 67 a daƙiƙa. Idan ƙiftawar kyamararka 1/500 na daƙiƙa ce, kafin ta rufe ya ja maikiron 133, faɗin fiksel 35 ke nan, kuma ko a 1/4000 sai ya ja sama da fiksel huɗu. Na'urar rage girgiza hannunka kawai take gyarawa, ba ta da iko a kan doki. Mutane da yawa suna tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, don kada hoto ya yi yashi-yashi, su bar ƙiftawa a ƙasa, alhali yashi ana rage shi a kwamfuta, jan motsi kuwa idan ya shiga ya shiga. Ka hau 1/2000 zuwa sama, ka koyi bin doki da kyamara cikin tafiya ɗaya, kuma ka fi ba da ƙarfi a lokacin jahi idan mahaya sun nufo inda kake, domin abin da ke tunkaro ka bai kai mai giftawa ja a kan sensa ba. Tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa gilashin 400 yana son 1/400 an yi ta ne don fim da ƙananan hotuna, a fiksel irin naka sai ka ninka ta biyu ko uku.

Sai zoben ninki. Aikinsa shi ne ya ɗauki tsakiyar hoton gilashi ya faɗaɗa, ya faɗaɗa har da kurakuransa, sannan ya mayar da f/2.8 zuwa f/5.6, kashi uku cikin huɗu na haskenka ya tafi a daidai lokacin da kake neman saurin ƙiftawa. Kyamararka tana da abin da zai raba ka da shi: idan ka yanke tsakiyar firam zuwa girman ƙaramar sensa, kana da megafiksel 26, kuma 200 ɗinka ya yi aikin 300.

Abu na ƙarshe babu kuɗin da ke maganinsa. Tsakaninka da dokin akwai iska mai kaurin mita 60, cike da ƙurar kofato, ga hucin ƙasa yana tashi yana kaɗa haske kamar kawalwalniyar kan kwalta. Duk tsawon gilashi wannan ma yake faɗaɗawa, kuma ranar da aka yi hazo abin ya fi muni. Ka sami wurin tsayawa kusa tun da wuri, ko da za ka sha rana kafin a fara. Idan kuma akwai filtar kariya mai arha a bakin gilashin, ka ɗauki hoto da ita da kuma babu ita ka gwada, domin dogon gilashi ba ya yafe wa filtar da ba ta miƙe ba.

Tambaya: Malam, wayata an rubuta mata megafiksel 200. Me ya sa hoton kyamarar ɗan'uwana mai 24 ya fi nawa? Daga Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, a waya irin Samsung Galaxy S23 Ultra ta 2023 fiksel ɗin maikiron 0.6 ne, ƙofar gilashinta f/1.7, kuma da lissafin da na yi wa Malama a sama faifan haske a nan maikiron 2.3 ne, faɗin fiksel kusan huɗu tun kafin a zo ga kurakuran gilashi. Shi ya sa wayar da kanta take haɗe fiksel 16 su zama ɗaya, ta miƙo maka hoto mai megafiksel 12 idan ba ka umarce ta da wani abu ba. Lambar da ke jikin kwali gaskiya ce, sai dai gilashin da bai fi ƙwayar wake ba ba zai iya ciyar da ita duka ba.

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoton ɗinki ga wasu teloli da Nikon D7200. Tun da na sayi Sigma 50mm Art na fara ganin wasu igiyoyi masu launin bakan gizo a jikin shadda da huluna, waɗanda babu su a kayan. Gilashin ya lalace ne? Daga Kumasi.

Amsa: Malam, taka matsalar ita ce kishiyar ta sauran, gilashi ne ya fi ƙarfin sensa. Kowane fiksel launi ɗaya yake gani, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya sami rajistarsa a 1976, kyamara kuma ita ke ƙiyasta sauran daga maƙwabta. Idan saƙar zare ta sauka a kan sensa da ƙanƙantar da ta gaza fiksel biyu, ƙiyasin yakan ruɗe, sai kyamara ta ƙirƙiro zane da launin da babu su. Kyamarori da yawa suna da wata filta a gaban sensa mai ɗan tausasa hoto don gudun haka, D7200 kuwa ba a sa mata ba, tsohon gilashinka ne yake yi maka aikin filtar ba ka sani ba. Ka riƙa faɗaɗa hoto a bayan kyamara tun mai kayan bai tuɓe ba. Idan ka ga igiyar, ka matsa taku ɗaya gaba ko baya, ko ka ɗan sauya kusurwa, idan ta ƙi tafiya ka tsuke zuwa f/11 ko f/13, bazuwar hasken da ta ɓata wa Malama aiki ita za ta gyara maka naka.

Tambaya: Malam, ba ni da ƙarfin sabon gilashi, na hannu zan saya. Yaya zan gane wanda zai iya da kyamara mai yawan fiksel? Daga Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, sunan gilashi ba ya isa, domin biyu masu suna ɗaya sukan bambanta, musamman idan ɗaya ya taɓa faɗuwa. Na taɓa sayen 24-70 a wani shago, jikinsa fes, na yi shekara biyu ina aiki da shi a kyamara mai megafiksel 20 ban ga komai ba. Ranar da na ɗaura shi a mai 45 na ɗauki sahun ɗalibai a wata saukar karatu, sai na tarar na hannun dama ana iya ƙirga zaren hularsu, na hagu kuwa fuskokinsu kamar an leƙo su ta labule. Ɗaya daga cikin gilasan ciki ne ya goce daga mazauninsa, kuma lokacin da na gane babu zancen mayarwa.

Ka tafi da kyamararka, kada ka yarda a gwada maka da tasu. Ka fita waje da safe kafin ƙasa ta ɗauki zafi, ka nemi abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ka wangale ƙofar gilashi, ka sa ƙiftawa mai sauri. Ka saita shi a tsakiya, ka kashe saitin kai-da-kai don kada ya motsa, sannan ka ɗauki hasumiyar sau huɗu, kowane karo kana ajiye ta a wata kusurwa ta firam. Kusurwoyi ba za su kai tsakiya ba, wannan haka yake a kusan kowane gilashi, abin da kake nema shi ne su huɗun su yi kama da juna. Idan ɗaya ko biyu sun fita dabam, ka maimaita da wani gilashi don ka tabbatar ba mazaunin kyamararka ba ne, kuma idan zum ne ka yi gwajin a farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Bayan haka ka haska tocilar waya ta bayansa kana leƙawa ta gaba. Ƙura za ka gan ta ko a wanda bai daɗe ba, kuma ba ta taɓa hoto. Abin gudu shi ne farin hazo a ciki, ko wani zane kamar yanar gizo da danshin damina ke haifarwa, domin su ne ke cin bambancin fari da baƙi da sensarka ke jira. Ka kuma dubi kawunan kusoshin da ke bayan gilashin, idan sun ci sukudireba ka tambayi mai shago wa ya buɗe shi, da abin da aka gyara, kuma ka nemi ya ba ka kwana biyu ka duba hotunan a babban allo kafin ciniki ya faɗa.